Yadda ake shiga sana'ar sayar da na'urorin sarrafa injin masana'anta a Maraɗi

Duk masana'antar da ka shiga a Maraɗi, ta man gyaɗa ce, ta ruwan leda ko gidan burodi, za ka tarar da wani akwatin ƙarfe a jikin bango wanda ba kowa ke buɗe shi ba. Daga cikinsa ake ba inji umarni: yaushe zai tashi, da wane gudu zai juya, yaushe zai tsaya in zafi ya yi masa yawa. Kayan da ke cikin akwatin nan wani ne ya sayar da su, kuma galibi mutumin yana nesa, Kano ko Yamai ko Legas, ko wani ɗan Sin da aka yi ciniki da shi ta WhatsApp. Ranar da akwatin ya ƙi aiki, mai masana'anta sai ya riƙe waya ya rasa wa zai kira. A wannan giɓin na ci abinci shekaru, kuma har yau bai cike ba.

Aikin iri biyu ne, ko da yake a gari kamar namu mutum ɗaya ke ɗauke da su. Akwai mai sayarwa masanin inji, wanda a sanarwar neman ma'aikata ake kira tekniko-komersiyal: shi ke duba matsalar inji, ya zaɓi na'urar da ta dace, ya yi farashi, ya bi ciniki har a biya. Akwai kuma mai buɗe kasuwa, wanda aikinsa ke farawa tun ba a yi maganar oda ba: ya gano wa ke shirin kafa sabon inji, wane kamfanin waje ke neman wakili, wane aiki ke tafe nan da shekara biyu. Na biyun ya fi tsoka, amma ta ƙofar na farko ake shigarsa.

Mataki na farko: hannu ya riga baki

Yaran da ke zuwa wurina neman shawara yawanci suna jin cewa iya magana ce jarin sana'ar. Iya magana tana kai ka ofishin Alhaji. Abin da ke hana a sallame ka bayan minti biyar shi ne sanin abin da ke cikin akwatin.

Takarda tana taimakawa. Wanda ya fito daga makarantar fasaha ta Dan Kassawa a fannin lantarki, ko ya yi karatun lantarki a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, ya riga ya sami tushe. Wanda ya tashi a hannun mai gyaran wuta shi ma yana da nasa tushen, sai dai ya ƙara karatun zane. Kowanne ne kai, ga abin da za ka riƙe, kuma a jere yake.

Ka fara da moter, wato injin lantarkin da ke juya komai a masana'anta. Ka iya karanta ɗan farantin da ke manne a jikinsa: kilowat nawa ne, amfiya nawa yake ja, bolt 230/400 aka rubuta ko 400/690, juyi nawa yake yi a minti. Ka iya haɗa shi da kontakta, wato makunnin da ke ba shi wuta ko ya yanke, da na'urar kariya daga zafi, ka iya haɗin tauraro da alwatika, hanyoyi biyu na ɗaure wayoyin moter, da hannunka, ba a takarda kaɗai ba. In ba ka taɓa ƙona fis ko ɗaya ba, ba ka fara koyo ba tukuna.

Daga nan ka koma kan bariyatar, na'urar da ke ƙara wa moter gudu ko ta rage. Ita ce za ta fi kawo maka kuɗi a shekarunka na farko, don haka ka zauna a kanta sosai. Ka san cewa da amfiya ake zaɓenta, kilowat ɗin da ke kan kwali ishara ce kawai. Ka san lambobin ƙorafin da take nunawa a fuskarta, na yawan wuta, na ƙarancin wuta, na zafi. Ka kuma san cewa bayan an kashe ta akwai sauran wuta maƙale a cikinta na wasu mintuna, an rubuta adadin a jikinta. Kada ka sa hannu sai lokacin ya cika ka kuma auna.

Sai sensa, idon inji da kunnensa: mai jin kusantar ƙarfe, mai ganin wucewar leda ko kwalba, mai auna zafi irin PT100, mai auna matsin ruwa da ke aiko da saƙo tsakanin miliamfiya 4 da 20. Yawancinsu da bolt 24 suke aiki. Ƙananan kaya ne, ribarsu kaɗan, amma su suka fi lalacewa, su ne kuma dalilin da zai sa a riƙa kiranka kowane wata.

Na ƙarshe ƙwaƙwalwar injin, PLC, wadda masu Faransanci ke ce wa otomat. An ƙirƙiro ta ne a Amurka lokacin da kamfanin motoci na General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin ɗaruruwan rile, wato ƙananan makunnan lantarki, a 1968, aka fito da Modicon 084. Na kawo tarihin ne don ya kwantar maka da hankali: tun asali don masu gyaran wuta aka yi ta, shi ya sa harshen da aka fi rubuta mata umarni da shi ya yi kama da zanen wayoyin da ka saba gani, layi bisa layi kamar tsani. Ba sai ka sayi komai ba kafin ka fara. Manhajar Zelio Soft ta Schneider kyauta ce kuma tana gwada shirinka a kan kwamfuta ba tare da na'ura ba. Haka wadda ake shirya M221, wata PLC ta Schneider, da ita. Ka rubuta shirin cika tanki, ka rubuta na famfo biyu masu karɓa-karɓa. In hannunka ya faɗa, ka tara kuɗi ka sayi ƙaramar PLC irin LOGO! ta Siemens ko Zelio, ka kafa ta a kan katako da maɓallai da ƙwan fitila uku. Katakon nan zai yi maka ciniki fiye da kowace ƙasida, gani ya kori ji.

Ba a ce ka zama gwanin da zai tsara masana'anta sukutum ba. Abin da ake so, in mai gyaran masana'anta ya yi maka bayanin cuta, ka gane ta kafin ya rufe baki.

Mataki na biyu: harsuna uku

Da Hausa ake ciniki, da Faransanci ake rubuta takarda, da Ingilishi ake karanta littafin na'ura da yin magana da masu kaya na Kano da Sin. Na ukun ne ke ba yaranmu wuya. Ba sai ka iya zance ba, ka dai iya karanta shafin bayanin na'ura ka rubuta saƙo mai layi biyar.

Mataki na uku: littafin injinan gari

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar saura, wannan zan ɗauka. Ka sayi littafi mai kauri, ka hau babur, ka ƙidaya injinan garin nan ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da unguwar masana'antu, ka bi masu ruwan leda da ke warwatse cikin Ali Dan Sofo da Zariya da sauran unguwanni, gidajen ƙanƙara, gidajen burodi masu injin kwaɓi, masu matsar gyaɗa da riɗi, masu casar shinkafa, masu abincin kaji da dabbobi, masu buga bulo, masu narka roba. Ka fita Jiratawa ka ga famfunan noman rani. In ka sami hali ka leƙa Tasawa da Gidan Rumji da Madarunfa.

A kowane wuri abin da za ka rubuta: wane inji ne, daga wace ƙasa, shekararsa nawa, moter nawa ke jikinsa da ƙarfin kowanne, wace ƙwaƙwalwa ke cikin akwatin, Siemens ce ko Delta ko Mitsubishi ko wata marar suna, me ya fi lalacewa, kwana nawa aka yi a tsaye karo na ƙarshe, daga ina aka samo kayan gyara. In an yarda ka ɗauki hoton farantin da cikin akwatin. Ka nemi izini tukuna. Akwai masu gidan da ke ganin duk mai ɗaukar hoto ɗan leƙen asirin abokin gasa ne, ko na ma'aikatar haraji.

Ba za ka shiga da sunan talla ba. Ka ce kai mai koyon aikin wuta ne, kana son ganin inji. Mai gyara ba ya ƙin wanda ya zo ya saurare shi, don ba kasafai ake tambayarsa ra'ayi ba.

Bayan wata uku za ka ga abin da babu wani kamfani a Yamai ko Legas da ya sani. Za ka ga, misali, injinan ruwan leda da yawa ƙirarsu ɗaya ce, kuma abubuwa uku ko huɗu ne ke kashe su: na'urar daidaita zafin liƙi, wayar auna zafin, idon da ke ganin alamar leda, da ɗan rile. Wanda ya ajiye waɗannan a kwali ɗaya a ɗakinsa ya riga ya buɗe shago. Littafin nan kuma shi ne takardar neman aikinka ta gaskiya. Na ga an ajiye takardun masu digiri gefe an ɗauki yaron da ya buɗe littafi ya ce ga masana'antu kaza a Maraɗi, ga abin da kowacce za ta buƙata bana.

Mataki na huɗu: inuwar wa za ka shiga

Hanya uku ce. Ko ka shiga kamfanin da ke wakiltar manyan masu ƙera kayan, irin Schneider, Siemens ko ABB. Irin waɗannan sun fi yawa a Yamai da manyan biranen yankin, kuma abin da za ka nuna musu shi ne kai ne ƙafarsu a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ko ka shiga ƙaramin kamfanin haɗa akwatunan wuta da kafa sola, inda za ka yi talla da safe ka riƙe sukurdireba da yamma. Ko ka tsaya da ƙafarka.

Shawarata, kada ka fara da ta uku. Ka yi shekara biyu ko uku a inuwar wani, ka yi kurakuranka da jarinsa. Ka yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka buɗe shafi a LinkedIn ka riƙa sa hoton aikin hannunka, ka nemi zaman koyon aiki ko da ba a biya. Wanda ya sami shiga matatar mai ta SORAZ a Damagaram ko kamfanin siminti na Malbaza, ko na wata uku ne, zai ga tsarin sarrafa inji na gaske, irin wanda ɗaki guda ke lura da masana'anta duka.

Wajen albashi, tsarin da aka saba shi ne ɗan abin da za a ba ka kowane wata, sai la'ada a kan abin da ka sayar. Abu uku za ka tambaya kafin ka sa hannu. La'adar a kan kuɗin ciniki take ko a kan riba? Ranar da aka sa hannu a oda ake ba ka, ko sai kuɗi sun shigo? Wa ke biyan mai da kuɗin waya da masauki in ka yi tafiya? A rubuta amsar. Wanda ya ce maka "haba, ai mu ƴan uwa ne, mi za a yi da takarda", shi ne ma ya fi cancanta a rubuta da shi.

In lokacin tsayawa da ƙafarka ya yi, ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM, ka karɓi lambar haraji ta NIF. Reshen zauren ƴan kasuwa na nan Maraɗi zai nuna maka hanya. Babu babban kamfani ko ƙungiyar raya ƙasa da za ta saya a hannun wanda ba shi da su.

Mataki na biyar: mutum uku ke cikin kowace masana'anta

Akwai mai jin ciwon, wato mai gyara ko shugaban ma'aikata. Akwai mai riƙe da lissafi, sau da yawa ɗan Alhaji ko ƙanensa da ya yi boko. Akwai mai cewa a yi, Alhaji da kansa. Kowanne da harshen da yake ji. Mai gyara so yake ya daina tashi tsakar dare. Mai lissafi so yake ya ga lamba. Alhaji tambayarsa ɗaya ce, kuma kusan da kalmomi iri ɗaya na sha jin ta:

"To ɗana, wanga akwati naka, in ya lalace wa za ya gyara shi?"

Duk bayanin da ka haddace game da ingancin Jamus bai amsa wannan ba. Amsar da ke aiki ita ce: "Ni ne, Alhaji. Gidanmu na nan Bagalam, kun san mahaifina, kuma akwai irinta guda ajiye a wurina." In ba za ka iya faɗin haka da gaskiya ba, cinikin bai nuna ba.

Kada ka tsallake mai gyara ka tafi wurin mai gida kai tsaye, ko da kana da hanya. Na'urar da aka kafa ba da son mai gyara ba ba ta daɗewa. Ranar da ta yi tari zai cire ta ya mayar da tsohon haɗi, ya ce dama ya faɗa. Ka shiga ofis tare da shi, ka bar shi ya fara magana, ka ce shawararsa ce kake ƙarfafawa. Wani zai ja ka gefe ya nemi a sa masa nasa a cikin farashi. Ni ba na yi, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba: garin ƙarami ne, maganar tana fita, ranar da ta kai kunnen Alhaji kai da shi duka kun fita. Abin da nake ba mai gyara shi ne ilimi. Ina zama da shi in koya masa saita na'urar, in bar masa zanen, in amsa wayarsa ko ƙarfe nawa ne. Wannan yana ɗaga darajarsa a wurin aiki, ba ya kuma mantawa.

Zuwan farko gaisuwa ce da sauraro. Ka zo bayan la'asar ko da hantsi, ban da ranar Juma'a da rana. In ana shayi ka zauna.

Mataki na shida: mayar da matsala lamba

Mai masana'anta bai damu da sunan na'ura ba, asararsa ya sani. Aikinka ka auna asarar nan tare da shi, da lambobinsa.

Mu ƙaddara fanka ce ko famfo mai moter kilowat 15, tana aiki awa 10 a rana, kwana 26 a wata. In tana jan cikakken ƙarfinta, kilowat-awa 3,900 ke nan. A ce kowane ɗaya yana tsaya masa sefa 100, misali ne kawai, kai ka duba takardar NIGELEC ɗinsa ko kuɗin gazuwal ɗin gurup, wato janareta: jika 390 a wata. A irin waɗannan injina, wutar da ake ci tana sauka fiye da yadda gudun ke sauka, wato in ka rage gudu da kashi 20 cikin 100, wutar tana sauka zuwa wajen rabi. Kada ka yi alkawarin rabin. Ka ce kashi 25, jika 97 da ɗoriya a wata. In bariyatar da kafawa sun tsaya jika 900, cikin wata goma ta biya kanta. Mai lissafi zai karɓi biro ya sake bugawa da kansa, abin da kake so ke nan.

Amma ka san inda dokar nan ta tsaya. A kan fanka da famfon da ke tura ruwa a kwance take aiki sosai. Famfon rijiya mai zurfi, in ka rage masa gudu da yawa ruwan ba zai iso sama ba sam. Injin matsar mai da injin niƙa kuwa ba su bin wannan lissafi. A wurinsu amfanin daban ne: moter da aka tayar kai tsaye yana fizgar wuta ninki shida zuwa takwas na abin da ya saba ja, shi ya sa gurup ke durƙusawa, fitilu su yi ja, bel ya tsinke. Tashi a hankali yana magance wannan. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agustan 2023, aka yi watanni masana'antu na rayuwa a kan gurup da sola, babu mai inji a garin nan da ke buƙatar dogon bayani a kan wannan batu.

Wani lokaci lissafin zai nuna cewa abin da kake son sayarwa ba zai biya kansa ba. Ka faɗa. Ka sayar masa da na'urar kariya daga faɗuwar layi ɗaya cikin uku, mai arha, wadda za ta hana moter ƙonewa. Ribar ranar kaɗan ce, amma ka sayi kujera a ofishin.

Mataki na bakwai: takardar farashi da hanyar kaya

Takardarka ta faɗi matsalar da layi biyu, sannan kayan da cikakkiyar lambar kowanne, kuɗin kafawa daban, kwanakin isowa, tsawon garanti da abin da bai shiga cikinsa ba. Ka nuna ko harajin TVA na kashi 19 cikin 100 yana ciki ko babu. Rigima da yawa daga nan take tashi. Ka ba da zaɓi biyu, mai tsada da matsakaici, ka bayyana bambancinsu tsakani da Allah.

Ka rubuta ranar da farashin zai daina aiki. Kayan da aka saya da yuro ba su da matsala ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take, yuro ɗaya kusan sefa 656. Naira da dalar Amurka kuwa suna iya cinye ribarka tsakanin tayi da biya. Kano ce kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kuma saboda masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa akwai kaya da masu gyara a can. Akwai kuma jabu, kontakta mai tambarin babban kamfani wadda nauyinta a hannu kaɗai ya isa ya tona ta. Ka riƙe mai kaya ɗaya ko biyu da ka gwada, ka daina bin arha. Abin da zai zo ta teku ka ninka kwanakin da aka faɗa maka, musamman tun da rufe iyakar Benin ya karkatar da kaya ta Lome da Burkina. In mai kaya na waje ya rubuta EXW, a ƙofar masana'antarsa farashin ya tsaya. Jigila da duwan duka a wuyanka suke.

Kada ka yi odar kayan da aka keɓe wa mutum ɗaya ba tare da kafin alƙalami ba, aƙalla abin da zai rufe kuɗin sayen. Kasuwar Maraɗi a kan amana da bashi ta ginu, ba za ka kauce wa bashi gaba ɗaya ba, amma buhun sukari in an fasa saye wani zai ɗauka gobe, allon taɓawa na inji kaza kuwa sai ya shekara uku a kan kantarka.

Mataki na takwas: zafi da ƙura

Nan na sha kashi. A shekarata ta biyu na sayar wa wani mai masana'anta bariyatar, muka kafa ta cikin sanyin Janairu, komai lafiya. Don gudun ƙurar hunturu na sa ta a akwati rufaffe ruf, babu fanka, a ɗakin kwano. Da Afrilu ya shigo sai ta fara tsayawa kullum wajen ƙarfe biyu na rana. Mai gidan bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Malam, injinka azumi yake yi da rana?" Da kuɗina na sayi fanka da matata, na sake akwati, ribar cinikin ta tafi har da ƙari.

Da na karanta littafin da kyau da na ga an rubuta. Yawancin waɗannan na'urori an auna ƙarfinsu ne a zafin digiri 40, wasu 50, daga nan ƙarfin yana raguwa. Mu kuwa a bazara inuwa ma tana wuce 40, balle cikin akwati a ƙarƙashin kwano. Saboda haka ka ɗauki wadda ta ɗara buƙata da mataki ɗaya, ka sa fanka da matatar iska, ka nuna wa yaron wurin yadda zai kakkaɓe matatar duk mako. Ka duba lambar IP, mai nuna yadda na'ura ke jure ƙura da ruwa: IP20 tsirara take, sai cikin akwati, IP54 zuwa sama ce ke jure ƙura. Wurin niƙa da casa ka ƙara kula, garin da ke tashi ya fi ƙurar waje illa. Kafin damina ka duba wayar ƙasa da abin kariya daga tsawa. Masu ƙera kayan ba su zauna a Maraɗi ba, wannan sanin kai ne za ka ƙara a kan nasu, shi ne kuma abin da mai sayarwa ta waya ba zai iya ba.

Mataki na tara: bayan an biya

Ranar kafawa ka kasance a wurin ko da ba kai ke ɗaure wayoyin ba. Ka kwafi shirin da ke cikin ƙwaƙwalwar da saitin bariyatar, ka ajiye kwafi, ka ba mai gida kwafi, ka liƙa zane a bayan ƙofar akwatin. Injina da yawa suna zuwa daga waje da shirinsu a kulle da kalmar sirri. Ranar da ƙwaƙwalwar ta mutu, sabuwa ba ta da amfani tunda babu abin da za a zuba mata. In abokin cinikinka zai sayo sabon inji, ka ce ya sa sharaɗin ba shi shirin da kalmar sirrin kafin ya biya kuɗin ƙarshe. Wannan shawara kyauta ta kawo mini ciniki fiye da duk tallan da na taɓa yi. Ni ma ba na kulle wa mutum injinsa don in ɗaure shi.

Ka koma bayan mako ɗaya, ka koma bayan wata ɗaya da takardar wuta a hannu ku gwada da lissafin da kuka yi. In ya yi daidai, ka roƙi Alhaji abu ɗaya: ya kira abokinsa mai irin injin a gabanka. Alhazan garin nan a masallaci da wurin ɗaurin aure suke yanke shawarar saye.

Daga sayarwa zuwa buɗe kasuwa

Bayan shekara uku ko huɗu littafinka ya zama uku, wayarka tana ƙara ba ka nema ba. A nan aikin ke sauya kama. Maimakon jiran inji ya lalace, sai ka fara jin labarin wanda ya sayi fili a hanyar Ɗan Isa, wanda ya tafi Guwanju ta ƙasar Sin kallon injin cika kwalba, ƙungiyar da za ta kafa famfunan sola a ƙauyuka. Ka isa wurinsu tun ana zane, don wanda ya taimaka aka rubuta abin da ake buƙata shi ya fi kusa da samun odar. Ka riƙa karanta sanarwar kwangila a jaridar Le Sahel. Ka ɗaure yarjejeniyar kulawa ta shekara da masana'antu huɗu ko biyar, ziyara duk wata a kan kuɗi sananne. Ita ke riƙe gida a watannin da babu ciniki. Ka ɗauki yara biyu daga makarantar fasaha ka horar, don ba za ka iya zama a ofishin Alhaji da cikin akwatin wuta a lokaci guda ba.

Sannan ka rubuta wa masu ƙera kaya, musamman matsakaita na Turkiyya da Indiya da Sin da ba su da kowa a Nijar, ka nemi wakilci. Kada ka karɓi sharaɗin sayen kaya masu yawa a shekarar farko, kuma ka nemi su horar da kai su ba ka na gwaji. Abin da za ka ɗora musu a tebur shi ne ƙidayar injinanka da sunayen garuruwan da kake kaiwa. Ka sa ido kuma a kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ban gina lissafina a kan ranar gama shi ba, kai ma kada ka gina, amma filayen da ke kusa da inda tashar za ta zauna na buɗe musu shafi a littafina, ina rubuta sunan duk wanda na ji ya saya.